Yadda ake miƙa wa baƙo sitiyari a Abuja

Ranar da ƙanena ya sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe bayan shekara 9 a Ingila, ko gama zuba jakunkuna a but ba mu yi ba ya miƙo mini hannu. "Yaya, kawo makullin, na yi kewar tuƙin gida." Na ce masa, "Zagaya ka zauna a gefe ka zuba ido. Makulli sai nan da sati biyu." Ransa bai so ba. Amma kafin mu wuce Lugbe ya yi tsit, ya damƙe mariƙin ƙofa. Wani bawan Allah ya tsallako titi a guje da buhu a ka, alhali ga gadar masu tafiya a ƙasa a saman kansa. Wata tasi ta ci birki a tsakiyar hanya don ɗaukar fasinja. Can gaba kuma wata tifa ta yi aron hannu, ta tunkaro mu da fitila a kunne. Sai da muka kusa ƙofar shiga gari ya buɗe baki: "Dama haka muke tuƙi, ko bayan tafiyata abin ya lalace?" Na ce haka ka bar mu, idonka ne ya canja.

Shekara 12 na yi ina tuƙa ma'aikatan wata ƙungiyar agaji a garin nan. Na ɗauki Jamusawa, Indiyawa, 'yan Kenya, Amurkawa, da 'yan gida da suka daɗe a waje. Kusan dukkansu kashi biyu suke rabuwa idan suka fara tuƙi da kansu. Wani tsoro ya cika shi, ya riƙa cin birki inda ba a zata ba har a daki bayansa. Wani kuma cikin wata uku ya zubar da duk tarbiyyar hanyar da ya zo da ita, ya fi ɗan gari ganganci, yana cewa ai an ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Wannan karin magana ba ta da wurin zama a kan kwalta. Abin da nake so ka taimaki baƙonka ya yi shi ne ya riƙe dokar da ya saba bi, sannan ya koyi karanta direban da ba zai bi ta ba. Ga yadda nake yi, ko baƙon ƙaninka ne da ya dawo daga Landan, ko 'yarka da ta gama karatu a Malesiya, ko abokin aikinka Bature.

Mataki na farko: sati guda a kujerar gefe

Kada ya taɓa sitiyari. Kai za ka tuƙa, shi kuma ya yi kallo, kana fassara masa abin da yake gani. Hanyoyinmu suna da yarensu, kuma wasu kalmomin yaren nan ma'anarsu kishiyar ta can ce.

Fara da walƙiyar fitila, don ita ta fi jawo karo. A Ingila idan direba ya walƙa maka fitila a mahaɗa, yawanci yana nufin "bisimilla, wuce". A Abuja yana nufin "ga ni nan tafe, kada ka kuskura ka shigo". Na ga wata Baturiya ta ɗaga wa direba hannu tana godiya, ta kunno kai a mahaɗar Banex, saura ƙiris ya raba motar biyu. Ka maimaita wa baƙonka wannan har ya zauna masa.

Sai hon. A Jamus danna wa mutum hon kusan zagi ne, shi ya sa baƙi ke jin kamar garin duka faɗa yake yi da su. Nuna masa cewa ɗan gajeren hon a nan sallama ce: ina gefenka, zan wuce ka, na gan ka. Shi ma ya koyi yin sa kafin ya wuce babbar mota ko mai keke, don da yawa madubin gefensu a karye yake ko a naɗe. Dogon hon na fushi kuwa, ya bar wa masu shi.

Nuna masa ganye ko reshen itace da aka jera a kan titi: alama ce mota ta mutu a gaba, sau da yawa bayan kwana. Nuna masa mai kunna sigina biyu a mahaɗa, wai yana nufin miƙewa zai yi. Nuna masa direban tirela da ke kunna sigina don ya ce maka ka wuce ko kada ka wuce, ka gaya masa kada ya dogara da wannan, don kowane direba da irin fassararsa, kuma ba a wuce mota sai ido ya ga hanya fayau. Koya masa launin lamba: rubutu shuɗi motar gida ce, ja ta haya, kore ta gwamnati. Mai jan rubutu zai iya tsayawa a ko'ina da zarar wani ya ɗaga hannu a bakin titi. Haka ma motocin gida da ke kabu-kabu da safe da yamma, waɗanda ba su da alamar komai sai yawan kawuna a ciki. Dabarar ita ce ya riƙa kallon mutanen da ke tsaye a bakin hanya. In hannu ya ɗaga, birkin motar gabansa na tafe.

A satin nan ka bi da shi hanyoyin da zai riƙa bi kullum, a lokutan da zai riƙa bin su. Ya ga mahaɗar Berger da ƙarfe 5 na yamma. Ya ga yadda kewayen Masallacin Ƙasa ke cikewa ranar Juma'a. Ya ga mahaɗar AYA lokacin tashi daga aiki.

Mataki na biyu: takardu

Wanda ya zo ziyarar 'yan kwanaki, ya taho da lasisin ƙasarsa haɗe da takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa, wadda ake karɓa tun can kafin a taso. Wanda ya zo zama, ya yi lasisin Najeriya. Motar gida rukunin B ce, ana yin sa na shekara 3 ko na 5, kuma sai mai shekara 18 zuwa sama. Sabon mai nema zai bi ta makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita, ya cike fom a intanet, ya biya kuɗin, jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, su gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Mai yiwuwa a ba shi na wucin gadi mai aiki kwana 60 kafin katin ya fito. A Abuja babban ofishin VIO yana Mabushi. Ɗan ƙasa ya tafi da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ya riƙe fasfonsa da takardar izinin zama.

Ka raka shi da ƙafarka. A bakin irin waɗannan ofisoshi ba a rasa 'yan cuwa-cuwa da za su ce a kawo hoto da kuɗi, gobe a zo a karɓa. Duk lasisin da aka yi ba tare da mai shi ya ɗora yatsunsa a kan na'ura ba, jabu ne, kuma ranar da aka yi haɗari ne asirinsa ke tonuwa.

Motar ma da nata takardun: lasisin mota, shaidar lafiyar mota, shaidar mallaka, da inshora. Mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta ita ce mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Tun watan Janairun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne ga motar gida, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. In an ba ka wadda ta gaza wannan kuɗi, ka yi shakka. Sa lambar motar a shafin intanet na NIID, rumbun bayanan kamfanonin inshora, ka gani ko inshorar tana cikin rajista. A ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a waya, a lura da ranar ƙarewarta.

Mataki na uku: motar kanta

Idan baƙon yana tunanin auno motarsa daga Ingila ko Japan, hana shi tun da wuri. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Juya sitiyari a garejin unguwa kuwa wasa da rai ne.

Akwai wani abu da ko 'yan gari ba su cika lura da shi ba. Yawancin motocin da muke saya na hannu daga Amurka suka fito, kuma manyan lambobin malejinsu mil suke ƙirgawa, kilomita na can ciki da ƙananan lambobi. Allura a kan 60 na nufin kusan kilomita 97 a awa. A kan 80, kilomita 129. Wanda ya ce "ɗari kawai nake yi" a irin wannan mota, 161 yake yi. Wanda ya zo daga Amurka ko Ingila ya saba da mil, sai ka tuna masa allunan nan kilomita ne. Wanda ya zo daga Saudiyya ko Jamus ya saba da kilomita, sai ka nuna masa ƙananan lambobin. Ni ɗan farin tef nake mannawa a daidai 50 da 100 na kilomita.

Ku tsuguna tare ku duba taya. A jikin kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin sati na 23 na shekarar 2021. FRSC ta daɗe tana gargaɗi cewa taya ta shekara 4 daga ranar ƙira ta ci zamaninta, ko da zanenta bai goge ba. Kwaltar Abuja a watan Maris ba ta yi wa tsohuwar taya uzuri. Ku je wurin mai faci da safe kafin tayar ta yi zafi, a auna iska daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Kada a bar shi ya auna da bugun ƙafa.

Sai birki da man birki, ruwan lagireto, baƙin mai, waifa, fitilun gaba da na baya. A but a samu safaya mai iska, jak, sifana, abin kashe gobara da bai ƙare aiki ba, da alwatikar nan mai ƙyalli ta gargaɗi. Daga nan ku ɗaga kujerar baya ku zaƙulo bel ɗin da aka cusa a ƙasa tun ranar da aka sayi motar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel na rage haɗarin mutuwa har da rabi. Wata Bajamushiya da na tuƙa shekara biyu ba ta yarda a tayar da mota sai kowa ya ɗaura, har na baya. Ranar da tayarmu ta fashe bayan Gwagwalada muka faɗa rami, mu huɗu muka fito da ƙafafunmu. Tun daga ranar ban sake tuƙa kowa ba bel ba, ko surukata ce.

Yaro ƙasa da shekara 12 baya zai zauna, jariri kuma a kujerarsa ta musamman. Baƙi sun fi jin ciwon wannan fiye da komai: su ga uwa a gaba da jariri a cinya, ko uba ya ɗora ɗansa tsakaninsa da sitiyari. Suna da gaskiya. Hannun uwa, duk ƙaunarta, ba ya iya riƙe yaro a karon kilomita 50.

Mataki na huɗu: tuƙin farko

Zaɓi safiyar Lahadi, wajen ƙarfe 7. Tsakiyar birni fayau take a lokacin. Ku fara da titunan cikin Maitama ko Asokoro, sannan ku fito titunan Shehu Shagari da Ahmadu Bello. Ku yi addu'ar hawa abin hawa, a kashe rediyo, waya ta shiga aljihu.

Wanda ya fito daga ƙasar da ake tuƙi a hagu, irin su Ingila, Indiya, Kenya, Malesiya da Afirka ta Kudu, shi ya fi buƙatar haƙuri. Ba shi ƙa'ida ɗaya ya riƙe: direba kullum yana ɓangaren tsakiyar titi, fasinja yana ɓangaren kwata. Ba a cikin cunkoso yake mantawa ba, don a nan yana bin na gaba. Yana mantawa ne in titi ba kowa, ko ya fito daga gidan mai, ko ya sha kwanar hagu. Za ka kuma ga yana jan motar zuwa dama har taya na gogar dakalin titi, saboda jikinsa ya saba zama a wancan ɓangaren. Da yawan kwatocinmu a buɗe suke, don haka ka riƙa ce masa "matso hagu" a hankali, ba da tsawa ba. Ƙanena sai da ya yi kwana huɗu kafin hannunsa na hagu ya daina laluben giya a jikin ƙofa.

Shataletale na gaba. A nan ana shiga ta dama, kuma wanda ke ciki, mai zuwa daga hagunka, shi ke da hanya. Haka doka ta ce. A aikace, a Area 1 ko Galadimawa, za a shigo maka ko kana ciki. Don haka ya ba na ciki hanya in zai shiga, in kuma yana ciki ya ɗora ƙafa kusa da birki. Ya riƙa shiga da niyya ɗaya. Direbanmu yana karanta hancin mota: in ya ga kana shakka zai cusa kai, in ya ga ka tsaya cak ko ka tafi sosai zai san abin yi. Rabin shiga rabin tsayawa shi ke kawo karo.

Danja kuma, ja ja ce, ko da tsakar dare, ko na baya zai fasa hon. Ba'amurke ya saba shan kwanar dama a kan ja a yawancin jihohinsu. Gaya masa ya jira kore, sai fa inda aka ware hanyar dama daban. In kore ta kama, kada ya fizga. Ya ƙirga ɗaya, biyu, ya dubi hagu da dama, don kusan kullum akwai mai ƙoƙarin tsere wa ja. In wutar danja ta ɗauke, mahaɗar ta zama ta kowa: a rage gudu, a haɗa ido da direbobi, a wuce ɗaya bayan ɗaya. In akwai jami'i mai ba da hannu, hannunsa ke sama da fitila.

Layin tsallakawa yana da tarko. Baƙo zai tsaya wa mai tafiya a ƙasa kamar yadda ya saba, kuma daidai ne. Amma ya fara duba madubi, ya rage gudu tun daga nesa don na baya ya gane. Kada kuma ya yafito mutum da hannu ya ce tsallaka a titi mai layi uku, don motar da ke gefensa ba lallai ta tsaya ba, shi kuma mai tsallakawa ya riga ya amince.

Ku yi irin wannan fita sau uku ko huɗu, kuna ƙara wahala: Wuse 2 da rana, kasuwar Wuse, sannan Jabi da Utako inda motocin tasha ke fitowa.

Mataki na biyar: manyan hanyoyi

A nan ne Abuja ke yaudarar baƙo. Wanda ya ji labarin Legas ya zo ya tarar da titi shimfiɗe, mai faɗi, ba rami, sai ya saki jiki. Faɗin nan ne ke kisa. Hanyar filin jirgi da ta Kubwa an gina su kamar na Turai, amma mutane na zaune a gefensu biyu, suna tsallakawa da ƙafa, da kaya, da yara, wani lokaci har da shanu. A cikin birni an hana acaba tun 2006, to amma da ka kusanci Lugbe, Dutse Alhaji, Dei-Dei ko Nyanya, babura da keke za su fito maka ta inda ba ka zata ba.

Iyakar gudun motar gida kilomita 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai raba hannu. Wannan iyaka ce, ba wajibi ba ne a kai ta. A gudun 100 mota na cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Kallon waya na daƙiƙa 3 kenan ya kusa tsawon filin ƙwallo ido a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka haɗarin karo kusan sau 4, kuma haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Duk shekara kimanin mutum miliyan 1.19 ke tafiya ta wannan hanya, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara. Kowannenmu ya san gidan da aka yi zaman makokin.

Koya masa ya zauna a layin tsakiya. Na dama na masu tsayawa ne ba sanarwa, na hagu kuma na masu ƙure maleji da masu tsallako shingen tsakiya. Tazara tsakaninsa da na gaba ta kai daƙiƙa 3: in motar gaba ta wuce wata fitilar titi, ya ƙirga uku kafin shi ya iso ta. Zai yi ƙorafi cewa da ya bar tazara sai wani ya cusa kai. Haka ne, za a cusa. Ya ɗaga ƙafa ya sake buɗe wata. Daga Gwarimpa zuwa Sakatariya duka abin da zai rasa bai fi minti biyu ba.

Hanyar Nyanya ka bar ta ƙarshe. Daga AYA zuwa Kugbo gangare ne mai tsawo, kuma manyan motoci masu lodi na rasa birki a kansa. A watan Maris na 2025 wata babbar mota ta ƙwace kusa da gadar Karu da yamma, lokacin cunkoso, motoci da dama suka ƙone da mutane a ciki. A gangaren nan madubi ya fi gilashin gaba muhimmanci. Kada ya zauna a gaban tirela ko tanka, kada ya jera da ita. In cunkoso ya tsayar da shi, ya bar tazarar da zai iya ganin tayoyin motar gabansa na taɓa kwalta, don ya samu wurin kaucewa. Gilashi a sama, ƙofa a kulle, waya da jaka ba a kan kujera ba.

Aron hannu kuwa, ko duk garin ya yi, shi kada ya yi. Za a zo ranar da layi ya tsaya cak, motoci goma su haura ɗaya hannun, na baya yana yi masa hon ya bi su. Ranar ce jarrabawarsa, kuma taka ce kai ma, don in ya taɓa ganin ka yi, maganarka ta zube.

Mataki na shida: ruwa, hazo da dare

Ruwan Abuja daga Afrilu zuwa Oktoba yakan sauko kamar da bakin ƙwarya. Ruwan farko ya fi santsi, don yana tayar da man da ya taru a kwalta duk rani. A kunna gajeriyar fitila, a ninka tazara, a rage gudu. In waifa ta kasa, a nemi gidan mai a tsaya, kada a fake ƙarƙashin gada a kan titi. Ruwa mai gudu a Lokogoma ko Galadimawa ba a gwada zurfinsa da mota. A juya. A hazon hunturu ma gajeriyar fitila ake sawa, doguwa na dawo da haske cikin ido.

Tuƙin dare sai ya yi wata guda yana tuƙin rana. Fitilun titi ba ko'ina suke ci ba, akwai motoci masu ido ɗaya da za a ɗauka babur ne, akwai tirelar da ta mutu ba ko ƙyalli a bayanta. In an dalle shi da doguwar fitila, ya kalli gefen titi na dama, kada ya rama. Fita wajen gari da dare kuwa, ni ban yarda da shi ba ga baƙo ko ɗan gari.

Mataki na bakwai: jami'ai, jiniya, da ranar da abu ya faru

In an tsayar da shi, ya sa sigina, ya faka, ya sauke gilashi, da dare ya kunna fitilar ciki. "Barka da aiki, Yallabai" na buɗe ƙofofi da yawa. Ya miƙa takardun da aka tambaya. In an ce ya yi laifi, ya nemi a rubuta masa takardar tara ya je ya biya ta hanyar da hukuma ta tsara. Tarar FRSC ba a hannu ake biyan ta ba. Kada ka koya masa naɗe kuɗi cikin takarda. In ya ji jiniya, ko motar asibiti ce ko kwambar wani babba, ya matsa dama a hankali ya bar su su wuce, kada ya bi bayansu don cin bulus.

Sa masa lambobi biyu a waya yau: 122 ta FRSC da 112 ta agajin gaggawa, duka kyauta. In ƙaramar gogayya ce, a ɗauki hoto kafin a motsa motoci, a kauce daga titi, a yi magana ƙasa-ƙasa, ya kira ka. In an ji rauni, ya tsaya, ya kunna sigina biyu, ya ajiye alwatika nesa da motar, ya kira agaji. A danne wurin da ke zubar jini da tsumma mai tsabta. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a cicciɓe shi sai in wuta na barazana, kada kuma a ɗura masa ruwa. Asibitin Ƙasa yana da cibiyar kula da masu munanan raunuka, akwai Asibitin Koyarwa a Gwagwalada, akwai na gwamnati a Kubwa, Nyanya, Wuse, Maitama da Asokoro. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa. In taro ya fara zafi har ya ji tsoron ransa, ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai rahoton kansa.

Tankar mai da ta faɗi, a yi nesa da ita, a hana yara kusantarta. Ranar 18 ga Janairu, 2025, a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, sama da mutum 80 suka rasu, yawancinsu sun je kwasar mai ne.

Wani ɗan Kenya ya taɓa tambayata me ya sa in aka yi haɗari sai mu ce ƙaddara ce mu yi shiru. Na ce masa mun yi imani da ƙaddara, kuma Annabin da ya koya mana ita, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Birki mai kyau, bel, da ɗaga ƙafa daga totur, su ne igiyar.

Mataki na ƙarshe: tafiya mai nisa

Bayan wata biyu ko uku, ku yi doguwar tafiya tare, shi a sitiyari. Ku fita bayan sallar asuba da gari ya waye, tanki cike, ku tsara isa kafin la'asar, a huta duk bayan awa 2. Mu Jos muka je, ta Keffi da Akwanga. Na gaya masa tun a gida cewa Hawan Kibo ba a wuce mota a kwanarsa, kuma a dawowa da ƙaramar giya ake gangarowa, ba a kwanta a kan birki har ya yi zafi.

A gindin hawan muka cim ma wata tirela mai lodin siminti tana ja da ƙyar. Motoci uku suka fito daga bayanmu suka wuce mu a kwana, ɗaya har da yi mana hon. Na ga yatsun ƙanena na motsi a kan sigina. Ɗansa daga baya, cikin bel, ya ce, "Abba, su ma sun wuce fa." Ya ce, "Na gani, Baba na. Mu sai mun ga hanya." Ya ja baya ya bar wa tirelar tazara ko da za ta zamo, ya bi ta a giya ta biyu har saman dutsen. Sai da hanya ta miƙe wajen Riyom ya leƙa, ya sa sigina, ya yi ɗan gajeren hon, ya wuce. A Bukuru muka yi azahar.